Ɗigon Jan Farce a Wuyan Goge

Har yau in aka ambaci Anselmo Larrechea a Montevideo, babban birnin ƙasarsu, tsofaffi sukan ce, "Au, yaron nan na Paysandú," ko da yake yaron sai da ya doshi saba'in kafin ya ajiye goge. Sunan ya bi shi ne tun lokacin da ake ɗora shi kan akwatin lemo a zauren taron garinsu don na baya su hango shi.

Ubansa mai gasa burodi ne, ran Asabar kuma yakan saɓi wani tsohon goge ya tafi gidan biki ya samo na nama. Wata rana uban yana barcin rana, Anselmo ya ɗauko gogen ya fitar da kiɗan da ya ji jiya, bai kuskure ko gaɓa ɗaya ba. Uban ya farka ya saurara daga kan gado, aka ce tun ranar bai sake kaɗawa a gaban ɗansa ba. Kafin muryar yaron ta fashe, malaman garin sun ce iyakar saninsu ke nan. Mutanen Paysandú suka yi karo-karo, masu shanu suka yanka, aka gasa nama a dandali aka sayar, aka sa shi a jirgin ruwa zuwa Turai cikin kwat ɗin da ya yi masa yawa. Wata tsohuwa da mijinta ya mutu ya bar mata garken tumaki ita ta saya masa gogen da ya riƙe har tsufa, tsohon aikin Italiya mai launin zuma.

Shekara talatin da wani abu ya yi yana yawon duniya, shi kaɗai a tsaye gaban taron makaɗa, ana buga sunansa da manyan baƙaƙe a ƙofar gidajen kiɗa. In samari suka tambaye shi yadda birni kaza yake, sai ya ce ai duk birane ɗaya ne: tashar jirgi, ɗakin otal mai warin sigarin wani, ƙofar baya, da miyar da ta huce kafin a gama tafi. Ya yi aure sau ɗaya. Auren ya mutu ba tare da faɗa ba, don ba su taɓa zama wuri ɗaya har su samu abin faɗa ba. Abin da ya dawo gida da shi, ban da gogen, shi ne baƙin tabo a ƙarƙashin muƙamuƙinsa na hagu, da kafaɗa ɗaya da ta fi ɗaya tudu.

A cikin shekarun nan sau biyu tsirkiya ta tsinke masa ana tsakiyar wasa. Al'adar masu wannan sana'a kuwa ɗaya ce ko'ina: ba a tsayar da kiɗa. Mai tsaye ya juya, shugaban masu goge da ke kujerar farko ya miƙa masa nasa, shi kuma ya karɓi na maƙwabcinsa, maƙwabcin ya ɗora mai tsinkakkiyar tsirkiyar a cinya ya gyara. Na biyun a wani gari ne mai tsananin sanyi. Anselmo ya karɓi gogen wani tsoho ya ƙarasa, jaridu suka yi ta yabo. Bai taɓa iya tuna fuskar tsohon ba, don bai dube ta ba.

Ciwon uwarsa ne ya dawo da shi. Da ta rasu sai ya ga ba shi da sauran ƙarfin ɗaure akwati. Ƙungiyar makaɗan birni ta ba shi kujerar farko, ya zauna. Shi ne yake shigowa bayan kowa ya zauna, shi yake tsayawa a daidaita tsirkiyoyi, kuma duk masu goge izgarsa suke kallo: in ya ja sama su ja sama, in ya ja ƙasa su ja ƙasa. A hagunsa Chela Bentancur take zama, takardar kiɗa ɗaya suke dubawa, ita ce mai juya shafi. Mace ce mai jiki, mai 'ya'ya huɗu, mai fulas ɗin ruwan zafi a hammata ko'ina ta je, bakinta kuma ba ya hutawa sai in izga ta hau tsirkiya.

Kunnen hagu shi ne yake kwana kan goge. Na Don Anselmo, kamar yadda ake kiransa yanzu don girmamawa, ya yi shekara sittin yana shan wannan ƙara, sai ya fara gajiya. Da fari kamar gyare ne ya shige ciki ya ƙi fita. Daga baya siraran muryoyin can sama suka riƙa ɓace masa ɗaya bayan ɗaya. Na dama yana nan, amma in makaɗa saba'in suka tashi a bayansa, ba ya iya tsinto masa muryar gogensa daga cikin taro. Wuyan goge kuwa sumul yake, ba shi da gaɓoɓi irin na jita, kunne ne yake gaya wa yatsa inda zai sauka. Ya je wajen wani likita a unguwar da ba a san shi ba. Likitan ya gama aune-aune ya tambaye shi ko a masana'anta ya yi aiki. Ya ce kusan haka.

A hanyar dawowa ya tsaya kantin magani ya sayi jan farce marar launi. Yarinyar kantin ta yi masa tsiya, ta ce na uwargida ne ko na ta waje, ya ce na wadda ta fi su duka rigima ne. Ya zauna bakin taga da rana tsaka, ya toshe kunnen hagu da auduga, ya riƙa neman muryoyin da na dama, inda ya same su ya ɗiga. Ɗigo huɗu can sama a wuyan gogen. Ido ba ya ganinsu a kan baƙin katako, yatsa ne kawai yake jin tudunsu.

Yara 'yan koyo ake yi wa haka. Ya sani sarai in maganar ta fita, kujerar ta tafi. Jagoran ƙungiyar, Maestro Ferrando, wato Malam Ferrando, mutum ne mai ladabi da ya daɗe yana zancen sabon jini a cikin raha, ba abin da yake jira sai dalili. Ba daɗin kujerar Don Anselmo yake ji ba. Ya gaji da hawan matakala, ya gaji da baƙin kwat, ya gaji da tashi da safe ya jiƙa yatsunsa a ruwan ɗumi kafin su yarda su lanƙwashe. Amma tun yana ɗan shekara shida bai san wata safiya da ba ta goge ba, kuma bai san me ake yi da irin wannan safiyar ba. Don haka ya riƙe kujerar, ya riƙe gogen. Da ma ba mai son a taɓa masa kaya ba ne, yanzu kuwa ko banɗaki zai shiga sai ya kulle akwatin ya tafi da makullin.

Lokacin hutu Chela takan cika ƙoƙon mate, shayin ganyen ƙasar, ta miƙo masa, shi kuma ya karɓa da hannu ɗaya, goge a ɗaya hannun.

"Kawo in riƙe maka, tsoho, ka sha kamar mutum."

"Bar shi, yana nan lafiya."

"Ni da na yi goyo huɗu ban yar da ko ɗaya ba, katakonka ne zan yar?"

Sai ya zuƙi mate ɗinsa ya gyaɗa kai. Yawancin abin da take faɗa ma gyaɗa kan yake yi, don daga hagu take magana.

Shekara biyu ya yi a haka. Duk baƙon makaɗin da aka gayyato ya tsaya gaba, Don Anselmo ba hannunsa yake kallo ba, tsirkiyoyinsa yake kallo.

Cikin hunturu, wanda a ƙasarsu yake faɗowa watan Yuli, iskar kogi tana shiga har ƙashi, aka gayyato Ivana Techera. 'Yar gari ce da ta yi suna a waje, gidan kiɗa ya sayar da kujerun wasan safiyar Lahadi kaf. Don Anselmo ya san ta tun tana 'yar shekara takwas, lokacin da uwarta ta jawo ta gidansa da ɗan ƙaramin goge wanda wani malami ya manna wa jajayen takardu a wuya. A gaban uwar ya sa farcen babban yatsa ya kankare su tas, ya ce wa yarinyar kunne ne idon mai goge, wanda ya dogara da alama makaho ne da sanda. Ta yi kuka ranar. Ta kuma yi shekara bakwai tana zuwa.

A gwajin ran Asabar ta rungume shi, ta sumbaci kumatunsa, ta ce bai tsufa ba, ya ce ƙarya ma an koya mata a Turai. Da suka fara sai ya lura tsirkiyarta ta biyu ta fara warwarewa daidai inda take hawa kan gadar gogen, ɗan katakon da yake tallafe tsirkiyoyi. Aka tashi hutu ya same ta ya gaya mata, kamar zancen wucewa, cewa da shi ne da ya canja ta.

Ta yi dariya. "Maestro, kai da bakinka ka ce ba a sa sabuwar tsirkiya jajibirin wasa. Sabuwa ba ta da amana, sai ta kwana biyu tana miƙa."

"Na ce haka?"

"Har ka buge mini hannu da fensir."

Ya ce to, ai tsohuwar ma za ta kai. Chela, da take zuba ruwa a ƙoƙo, ta dube shi ta dubi yarinyar, ta ci gaba da zubawa.

Ran Lahadi zauren ya cika da warin jiƙaƙƙun riguna da turaren tsofaffin mata. A waje sanyi da laima, a kan dandamali zafin fitilu, irin yanayin da tsirkiya ba ta so. Kiɗan dogo ne mai kashi uku. Na farko ya wuce, na biyu ya wuce, Don Anselmo yana bin ɗigoginsa da yatsa kamar mai hawa matakalar gidansu a duhu. A na uku, inda kiɗan yake gudu, sai aka ji tas, tsirkiyar ta lanƙwasho ta dokar wa Ivana kumatu.

Ta juyo ta miƙo hannu. Ba ta dube shi ba, idonta yana kan sandar jagora, kamar yadda nasa idon ya kasance a garin nan mai sanyi.

Tsawon numfashi ɗaya yake da shi. Ta gefen ido ya ga Chela ta ɗan ɗaga nata gogen daga kafaɗa, tana ba shi hanya. Da ya sunkuyar da kai kamar mai duba takarda, da nata zai tafi, a ce tsoho ne bai yi hanzari ba. Amma gogen Chela na ciyar da yara ne, muryarsa ba za ta huda makaɗa saba'in ta kai kujerun baya ba, kuma yarinyar nan sauran mata wuri mafi wuya a gabanta. Ban da haka ma, aikin kujerar farko ke nan. Ya miƙa.

Ya karɓi na Chela, ita kuma ta ɗora na Ivana a cinya ta shiga lalube aljihu tana neman sabuwar tsirkiya. Wuyan gogen Chela sumul. Muryoyin ƙasa hannunsa ya san su ko da barci yake, ya bi su. Da kiɗan ya fara hawa sama, inda ɗigogin suka saba tarar yatsansa, bai tarar da kome ba. Sai ya ɗaga izgar kaɗan daga kan tsirkiya, tazarar da ba ta fi kaurin takarda ba, ya ci gaba da ja sama da ƙasa. Masu goge duka suka ci gaba da bin izgarsa. Tunda ya fara sana'ar nan bai taɓa yin ƙaryar kiɗa ba sai ranar.

Da yake ba ya kaɗa kome, sai ya ji. Ivana tana tsaye a damansa, ɓangaren kunnen kirki. Bai taɓa jin gogensa daga waje ba. Kullum a ƙarƙashin haɓarsa yake, yana yi masa ƙara a ƙashi. Yau ga shi can, tazarar taku biyu, yana fitar da wata murya mai faɗi mai zaƙi wadda ya tabbata ya daɗe bai fitar da ita a hannunsa ba. Ashe abin da mutane suke biyan kuɗi su ji ke nan. Ya ga lokacin da yatsanta ya sauka kan ɗigon farko: girarta ta ɗan motsa, shi ke nan. Ta haye sauran kamar ba sa nan.

Zaure ya tashi tsaye. Ta yi musafaha da jagora, ta yi da shi kamar yadda aka saba, ta ɗaga gogen sama don jama'a su tafa wa mai shi. Ya miƙe ya rusuna. Gwiwoyinsa suna ciwo.

A bayan dandamali, cikin hayaniyar masu furanni da masu neman hoto, ta ja shi wani lungu wajen da ake jingine kujeru. Ta miƙa masa gogen da hannu biyu. Ya jira. Ta zagayo ta damansa, abin da ya nuna masa ta riga ta gane kome, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Maestro, ba wanda zai ji daga bakina."

"Na sani."

Ta murza gefen rigarta kamar tana 'yar shekara takwas. "Na can saman ya ɗan yi ƙasa. Kaɗan ne. Na ce gara in gaya maka."

Ya yi mata godiya. Aka kira ta, ta tafi.

Ya shiga ɗakin canja kaya ya zauna da gogen a cinya. Ya shafa ɗigon na sama da yatsa. Shekara biyu yana sauka a kansa da cikakken tabbaci, masu goge na bayansa suna jinsa, ba wanda ya ce uffan. Chela ta turo ƙofa ba ƙwanƙwasawa, ta jawo kujera, ta ajiye ta a damansa. Ta cika ƙoƙo ta miƙo. Ya tambaye ta tun yaushe ta sani.

"Tun ranar da na ce maka an kwantar da mijina a asibiti, ka ce mini madalla."

"Ban ce haka ba."

"Ka ce, har da murmushi. Na je gida na gaya masa, ya yi dariya har ɗinkin ya kusa ɓallewa." Ta gyara zama. "In ka zo wurin nan na sama, ni nake ƙara ƙarfi in rufe ka. Kafaɗata ta gaji, tsoho. Ni ma ba yarinya ba ce."

Ya daɗe yana zuƙar mate ɗin har ya yi ƙarar ƙarewa. Sannan ya miƙa mata gogen ya ce ta riƙe masa, zai je ya ga Ferrando. Ta karɓa, ta dubi gogen ta dube shi, ta ce ashe ma ba shi da nauyi, duk wannan gadin da ake yi masa.

Maestro Ferrando ya yi abin da ya kamata: ya nuna mamaki, ya roƙe shi ya ƙarasa shekara, bai matsa da yawa ba. Don Anselmo bai yi masa zancen ɗigo ba, ya ce kunne ne, kuma wasan yau shi ne na ƙarshe. Aka so a shirya masa taron bankwana, ya ce ya sha tafi ya ƙoshi.

Ya koma gida a ƙasa ta bakin kogi, akwatin yana dukan ƙafarsa, ruwan ya yi launin ƙasa, masu kamun kifi sun dunƙule cikin riguna. Washegari ya farka a lokacin da ya saba, ya ɗora ruwa a wuta don jiƙa yatsu, sai ya tuna. Ya zuba ruwan a fulas ya koma gado.

An ba wani saurayi daga waje kujerar. Chela ta ci gaba da juya shafi har ta yi ritaya, tana cewa wannan kuma yana jin kome, shi ya sa ba ta iya zaginsa. Gogen ya zauna a akwati a kan kabad. Ba a kankare ɗigogin ba. Ivana takan zo gaishe shi in ta shigo gari, ba ta taɓa tambayar gogen ba, shi ma bai taɓa yi mata tayi ba.

Ran Lahadi da safe kuwa, in ƙafa ta yarda, yakan je gidan kiɗa ya sayi kujera a gefen hagu, can wajen bango. Masu karɓar tikiti sun san shi, suna ce masa Maestro. In aka fara yakan karkata kai ya ba dandamali kunnen dama. Wani lokaci yakan kai har ƙarshe. Wani lokaci kuma barci ya ɗauke shi tun a kashi na biyu, sai tafi ya tashe shi.